Ƙaramin fayil ɗin da ke nuna wa ruwan Haɗeja hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar Auyo ko ta Kafin Hausa da rani, da wuya a ce bai taɓa ganinsu ba. Mutum ɗaya ya sunkuya a bayan wata na'ura mai ƙafa uku, wani kuma yana can nesa a bakin kanal riƙe da doguwar sanda, rana na dukansu. Manoma sun san su, masu safiyo ne. In suka bayyana a wuri, to ko dai za a gyara kanal, ko a ɗaga jinga, ko a fitar da hanya, ko kuma wani ne ke neman takardar mallakar filinsa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne abin da waɗannan bayin Allah ke komawa da shi ofis da yamma. Yawanci mutane sun ɗauka taswira ce. A zahiri fayil ne na rubutu zalla, wanda nauyinsa bai kai na hoto guda da ake turawa ta WhatsApp ba. In ka buɗe shi, ba abin da za ka gani sai layi-layi na lambobi da waƙafi a tsakaninsu.

Wannan fayil shi ake shigarwa cikin manhajar zane ta kwamfuta, irin su AutoCAD, kuma a kansa injiniya zai zana inda kanal zai bi, zurfinsa, da tsayin da jinga za ta yi. Shigar da shi aikin minti biyu ne. Galibi ma ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ake bar wa. Sai dai a waɗannan mintuna biyu ne aikin mako guda a cikin rana ke iya lalacewa, kwamfuta kuma ba za ta ce uffan ba.

Ƙasar da ba ta da gangare

Don a gane abin da ya sa batun ya fi nauyi a Haɗeja, sai an dubi yanayin ƙasar.

Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. A kan na farko akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, a kan na biyu kuma madatsar Challawa da aka gama a 1992. Daga nan ruwan ya nufi gabas ta Wudil da Ringim, ya shiga ƙasar Haɗeja, ya rarrabu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru, kafin ya haɗu da ruwan Jama'are a wajen Gashua ya nufi Tafkin Chadi.

Tun daga Haɗeja zuwa Nguru ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Garuruwan yankin duk suna wajen mita 340 zuwa 360 ne sama da matakin teku, kuma gangaren bai kai mita ɗaya a kilomita guda ba. Ido ba ya ganinsa. A irin wannan ƙasa, tudun da bai wuce taƙi ɗaya ba shi ke raba gonar da ruwa zai kai da wadda zai bari a bushe, shi ke raba unguwar da za ta kwana lafiya da wadda za ta kwana tana cika buhunan yashi.

Mutanen yankin ba sa bukatar a ba su labari. Sun ga ambaliyar 2018, sun ga ta 2020, sun kuma ga ta 2022 wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Sun san yadda ciyawar kacala da lakar da ke taruwa suka toshe wasu hanyoyin ruwa, har kogin ya riƙa karkata yana malala inda a da ba ya zuwa.

A gefe guda kuma ga shirin noman rani na Kwarin Haɗeja da ke Auyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Yana cikin wuraren da aka gyara a shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 495, tare da Bakolori da Kadawa da Dadin Kowa da Rima. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Auyo ya buɗe aikin mai faɗin kusan hekta 6,000. Ruwan wannan shiri da ƙafarsa yake tafiya, wato gangare ke jan sa daga babban kanal zuwa ƙanana har cikin gona. Idan aka kuskure tsayin gindin kanal, ruwa zai tsaya a hanya, na ƙarshen layi ya zuba ido.

Me ke cikin fayil ɗin?

Kowane wuri da mai sanda ya tsaya, na'ura na ajiye layi ɗaya. Ga misalin layi biyu. Ni na ƙirƙiro su don bayani, amma girman lambobin ya yi daidai da abin da ake samu a kewayen Haɗeja:

101,1376420.315,613208.772,356.418,BAKIN KANAL
102,1376421.902,613210.044,355.627,GINDIN KANAL

Gurbi biyar ne. Na farko lambar ɗigon ce, kamar lambar layi a asibiti. Na biyu lambar arewa, wato nisan wurin da mita daga layin da ya raba duniya biyu. Na uku lambar gabas. Na huɗu tsayin wurin. Na biyar kuma bayanin abin da aka taka: bakin kanal ne, ko gindinsa, ko bishiya, ko turken siminti na safiyo.

Ƙananan lambobi uku na bayan ɗigo milimita ne. A misalin nan, tsakanin bakin kanal da gindinsa akwai santimita 79.

Tsarin da aka fi amfani da shi wajen ba wurare lamba shi ne UTM, wanda ya yanka duniya shiyya 60. Haɗeja na cikin shiyya ta 32, tare da Kano da Kaduna da Abuja. A kewayen garin lambar gabas na wajen 613,000, ta arewa kuma wajen 1,376,000. Wato ɗaya mai alƙaluma shida ce, ɗayar mai bakwai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda ake shigar da shi

Kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da AutoCAD tun a watan Disamban 1982, kuma har yau ita ce manhajar da ofisoshin injiniyoyi da masu safiyo a Najeriya suka fi sani. Tana da ƙanwa mai suna Civil 3D da aka yi musamman don ayyukan hanya da magudanan ruwa. A cikin Civil 3D akwai wurin shigar da ɗigo kai tsaye daga fayil. Abin da kawai take tambaya shi ne jerin guraben. Za ka ga zaɓi irin PNEZD da PENZD. Haruffan sunayen gurabe ne: a na farko arewa ce ke gaban gabas, a na biyu gabas ce ke gaban arewa. Bambancinsu wurin zaman harafi ɗaya ne, kuma ido mai gajiya ba ya lura.

Wanda ke da AutoCAD zalla ba shi da wannan sauƙin, sai dabara. Abin da yawanci ke yi shi ne su buɗe fayil ɗin a Excel, su haɗa gurbin gabas da na arewa da na tsayi a gida ɗaya da waƙafi a tsakani, sannan su kwafe su liƙa a layin umarni bayan sun rubuta MULTIPLE da POINT. Wasu kuma su sa kalmar POINT a gaban kowane layi, su ajiye fayil ɗin da ƙarshen suna .scr, su kira shi da umarnin SCRIPT. Manhajar za ta bi layi-layi kamar mutum ne ke bugawa da hannu, sai dai cikin ƙiftawar ido.

Abubuwa biyu ke rikita sabon shiga a nan. Ya gama shigarwa, ya dubi allo, bai ga komai ba. Ɗigon na nan, amma suna can nisan kilomita sama da 1,000 daga inda allon ke kallo, sai ya sa ZOOM ya zaɓi Extents kafin su fito. Ko sun fito ma, ƙanana ne kamar ƙura, sai an canza PDMODE da PDSIZE su zama gicciye ko da'ira da ido zai gani.

Fayil ɗin .scr kuma yana da nasa halin. A wurinsa tazarar da ka bari tsakanin kalmomi daidai take da danna Enter, haka ma layin da ba komai a ciki. Tazara ɗaya da ta yi yawa na iya sa ya maimaita umarni, duk abin da ya biyo baya ya hargitse. Akwai kuma wani tarko da har tsofaffin hannu ke faɗawa. AutoCAD na da ɗabi'ar jawo sabon ɗigo ya manne da layin da ke kusa da shi, abin da ake kira OSNAP. Yadda aka saita manhajar tun daga kamfani, lambar da ka buga da hannu ta fi ƙarfin wannan jan, amma wadda ta zo ta fayil ɗin .scr ba ta fi shi ba. Idan akwai tsohon zane a kan allo kuma ba a kashe OSNAP ba, ɗigo zai iya barin inda aka auna shi ya koma kan tsohon layi. Zanen zai fito tsaf, amma ba abin da aka auna ba ne.

Ga wanda ba shi da kuɗin lasisi, kuma lasisin na dala ne, akwai QGIS wadda kyauta ce. Tana karɓar fayil mai waƙafi, tana tambayar wane gurbi ne gabas wane ne arewa, tana iya ɗora ɗigon a kan hoton tauraron ɗan'adam, sannan ta fitar da su a matsayin DXF da kowace manhajar zane ke buɗewa. A ganina ko mai AutoCAD ya kamata ya fara bi ta nan, don a nan ne zai ga ko ɗigon nasa sun sauka a bakin kanal ko sun sauka a tsakiyar kasuwar kifi.

Ranar da ƙorama ta koma gabas

Kuskuren da ya fi yawa shi ne musanya arewa da gabas, kuma yana da dalili. Masu safiyo da yawa sun saba rubuta arewa kafin gabas, na'urori da dama ma haka suke fitarwa. Ita kuwa AutoCAD gabas take jira da farko. Wanda ya kwafo ya liƙa ba tare da ya juya ba, ya musanya.

Na ga wannan da idona. Wani ɗan yayata da ke koyon aikin zane an ba shi lambobin wata gonar fadama ya fitar da taswirarta. Ya shigar, ya haɗa layuka, ya lissafa faɗi. Tsawon kowane gefe ya yi daidai da abin da aka auna, faɗin gonar ma haka. Ya buga a takarda yana murna.

Mai gonar dattijo ne da bai yi boko ba. Ya karɓi takardar, aka nuna masa kibiyar da ke nuna arewa, ya juya takardar ta fuskanci arewa, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira yaron da ɗana, ya ce shi dai tun tasowarsa ƙoramar nan a arewa da gonar take, yaushe ta koma gabas? Yaron ya dawo gida yana ce mini, Kawu, wai ta yaya lissafi zai yi daidai amma zane ya yi ƙarya.

Amsar ita ce, musanya guraben nan biyu ba ya canza tsawo, ba ya canza faɗi. Juya zanen yake yi kamar a madubi. Abin da ke arewa ya koma gabas, gaɓar dama ta kogi ta koma ta hagu. Duk gwajin da za ka yi da tsawo zai ce maka lafiya lau. A gonar mutum ɗaya abin ya tsaya a kan jin kunya da asarar takarda. A zanen jinga, wannan na nufin an sa gari a ɗaya gefen kogin.

Da an ɗora waɗancan lambobi a kan taswirar duniya, da asiri ya tonu nan take, domin wurin da ke da gabas 1,376,000 da arewa 613,000 a shiyya ta 32 ba ya Najeriya ma, yana can cikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Amma a farin allon AutoCAD babu iyakar ƙasa, babu kogi, babu abin da zai ja hankali. Shi ya sa alƙaluman nan shida da bakwai ke da amfani. A Haɗeja, kai a duk Jigawa, mai alƙaluma bakwai ita ce arewa. Duba layi ɗaya ya isa.

Excel, abokin tafiya mai son gyara

Kusan kowane fayil sai ya ratsa ta Excel kafin ya kai ga zane, kuma Excel ba ta iya ganin lamba ta ƙyale. Idan aka saita gurbi ya riƙa nuna lamba ba tare da ƙananan alƙaluman bayan ɗigo ba, sannan aka ajiye fayil ɗin a matsayin CSV, abin da ido ke gani shi za ta rubuta, sauran ta zubar.

Koma kan misalinmu na sama. 356.418 zai zama 356. Shi ma 355.627 zai zama 356. Kanal mai zurfin santimita 79 ya shafe, ya zama fili. Babu saƙon gargaɗi, kuma in an ajiye a kan fayil na asali, babu hanyar dawowa sai an koma na'ura, in ba a riga an goge ta ba.

Haka nan in aka sa waƙafin da ke raba dubbai, 1376420 ya zama 1,376,420, manhajar da ba ta lura ba sai ta ɗauka gurabe uku ne. Akwai kuma batun makwabta. A Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, waƙafi ake sawa a inda muke sa ɗigo, wato 356,418, sannan a raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Kogin nan namu a ƙarshensa shi ne iyakar Najeriya da Nijar a wajen Diffa, don haka musayar bayanan awo tsakanin ɓangarorin biyu ba baƙon abu ba ne. Kwamfutar da aka sayo ta hannu da saitin Faransa ma za ta iya yi maka haka a cikin ofishinka.

Maganin duk waɗannan ba ya cin ko sisi: a buɗe fayil ɗin a Notepad kafin a shigar, a karanta layi biyar na farko da biyar na ƙarshe da ido.

Minna ko tauraron ɗan'adam?

Akwai matsalar da ko an karanta fayil ɗin sau goma ba za a gan ta ba, domin ba a rubuce take ba.

Lambobin wuri ba su da ma'ana sai an san tushen da aka auno su. Tsofaffin taswirorin Najeriya da turakun safiyo na gwamnati an kafa su ne a kan tushen awo na Minna, wanda cibiyarsa wani turke ne mai lamba L40 kusa da garin Minna. Na'urorin GPS kuwa, har da wayar da ke hannunka, suna aiki da tushen duniya mai suna WGS 84. Wuri ɗaya a ƙasar Haɗeja, lambobinsa na UTM a tushen Minna da na WGS 84 na iya bambanta da fiye da mita 100. Dukansu alƙaluma shida da bakwai ne, dukansu sun yi kama da gaskiya.

Idan injiniya ya ɗora sabon awo na GPS a kan tsohon zanen da aka yi da Minna, kanal ɗaya zai fito biyu, gefe da gefe. In ya yi sa'a ya lura ke nan. In kuwa tsohon zanen na iyakokin gonaki ne, sabon kuma na hanyar da za a fitar, to a takarda hanyar za ta ci gonar wanda ba ta shafa ba, ta bar wanda za ta ci. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon diyya ya san abin da mita 100 ke iya haifarwa tsakanin maƙwabta.

Ƙari a kan haka, tsofaffin takardu da yawa ba UTM suka bi ba, wani tsari ne na Najeriya da ya raba ƙasar ɗamara uku: yamma, tsakiya da gabas. Haɗeja na cikin ta tsakiya, amma iyakarta da ta gabas ba ta da nisa da garin ta wajen gabas.

Tsayi ma haka. GPS na auna tsayi daga wata ƙirƙirarriyar siffar duniya ta lissafi, ruwa kuwa ba ruwansa da wannan siffa, matakin teku yake bi. A Najeriya bambancin biyun ya haura mita 10. Kuskure mai girma haka ana saurin kama shi. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙarami: ƙungiya ɗaya ta fara awo daga wani turke, wata ta fara daga wani, tsakaninsu akwai saɓanin santimita 20, aka haɗa fayilolin biyu a zane ɗaya.

A lissafa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Kuskuren santimita 10 a kanta ƙasa ce kubik mita 1,000. In tifa na ɗaukar kubik mita 10, lodi 100 ke nan a hekta guda, ko dai an biya ɗan kwangila kuɗin ƙasar da bai zuba ba, ko ya zuba ba a biya shi ba. A kan jinga kuma, santimita 10 ɗin nan ita ce wurin da ruwa zai fara tsallakawa a watan Satumba.

Gurbi na biyar

Mutane kan raina gurbin bayani, wasu ma share shi suke yi don shigarwa ta yi sauƙi. Amma manhaja ba ta san jinga ba. Abin da take yi shi ne ta haɗa ɗigo uku-uku mafi kusa da juna ta yi alwatika, daga alwatikan nan ta ƙera siffar ƙasa. In ba a gaya mata cewa waɗannan ɗigo a jere ƙololuwar jinga ba ne, tana iya haɗa ɗigon da ke gindin jinga ta wannan gefe da na wancan gefe, ta ratsa ta tsakiya. A zane sai jingar ta fito da giɓin da babu shi a ƙasa, ko kuma kanal ya fito a toshe. Bayanin da mai safiyo ya buga a cikin rana shi ke ba mai zane damar sanin ɗigon da zai haɗa da layi.

A nan kuma Hausa ke cin karo da nata cikas. Sunan garin kansa yana da ɗ. Haka gaɓa, ƙorama, ƙofar ruwa. Fayil ɗin da aka ajiye da tsohon tsarin haruffa ba ya riƙe ƙ da ɗ da ɓ, sai an zaɓi UTF-8 wajen ajiyewa. Ko fayil ya riƙe su, tsofaffin salon haruffan AutoCAD masu ƙarshen suna .shx da yawa ba su da su, sai ka ga alamar tambaya a tsakiyar suna. Wannan na faruwa har a lokacin da ake shigo da dogon rubutu, kamar bayanan gefen zane ko jerin sunayen ƙauyuka, ta umarnin MTEXT da ke karɓar fayil na rubutu kai tsaye.

Yawancin masu zane sun huta da kansu, sun jefar da lanƙwasar. Ga mai karatun Turanci ba komai. Amma gaba da gaɓa ba ɗaya ba ne, kuma zanen da za a kai gaban manoma a yi musu bayani ya kamata ya kira wurarensu da sunansu. Salon haruffa irin Noto Sans da Andika kyauta ne kuma suna da haruffan Hausa duka. In ta ƙi, AutoCAD na karɓar lambar harafi: \U+0257 na ba da ɗ, \U+0199 na ba da ƙ, \U+0253 na ba da ɓ.

Wa ke riƙe da fayil ɗin?

A doka, taswirar fili ba ta zama hujja sai mai safiyo da ke da rajista da hukumar SURCON ya sa hannu. Shi ke ɗauke da alhaki, ko da yaronsa ne ya danna maɓallin. Sai dai abin da ake miƙa wa mai aiki galibi takarda ce, in an kyautata a haɗa da fayil ɗin zane na DWG. Ɗanyen fayil ɗin lambobi yakan zauna a kwamfutar wanda ya yi aikin, har ranar da ta lalace ko aka sayar da ita.

Wannan asara ce, musamman a Haɗeja. Tsarin DWG ya sha canzawa, an sauya shi a 2004, 2007, 2010, 2013 da 2018, kuma tsohuwar manhaja ba ta buɗe sabon fayil. Shi kuwa rubutu zalla, wanda aka ajiye shekara 30 da suka wuce zai buɗu yau a wayar hannu. Kogin da ke cika da laka yana sauya hanya, ba abin da ya kai tsohon awo daraja a wurinsa. In kana da tsayin gindin kanal na shekarar da aka gama shi, ka sake aunawa bana, ragi kawai za ka yi ka san yawan lakar da ta taru da kuma kuɗin da ya dace a biya mai yashe ta. In babu, sai abin da ɗan kwangila ya faɗa.

Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka kafa a shirin noman rani, waɗanda aka ɗora wa kula da ƙananan kanal, suna da hujjar neman kwafin irin wannan fayil na sashensu. Haka ƙaramar hukumar da ta biya kuɗin awon jinga, haka ma mai gonar da ya biya aka auna masa. Ba ya bukatar ya iya AutoCAD. Abin da zai nema shi ne fayil ɗin lambobin kamar yadda ya fito daga na'ura, da wata 'yar takarda a gefe mai ɗauke da ranar awo, jerin guraben, tushen awo ko Minna ne ko WGS 84, shiyya, da turken da aka ɗauko tsayi daga gare shi.

Ɗan yayar tawa yanzu da kansa yake rubuta waɗannan a fayil na daban ya ajiye kusa da kowane aiki. Gonar dattijon kuwa ya sake zana ta a daren ranar, washegari ya hau babur ya kai masa, ƙoramar na arewa.